Zan iya yin nutso ni kaɗai a dam ɗin da ke kusa da mu?

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 26 a nan Zariya. A Masar na yi karatu, kuma kafin in dawo gida ni da wani abokina ɗan Kano muka je Dahab, bakin Bahar Maliya, muka koyi nutso da tukunyar iska, abin da ake kira sukuba. Kwana huɗu muka yi aka ba mu kati. Duka-duka sau 9 na shiga ruwa, amma Kawu ban taɓa jin natsuwa irin wadda na ji a ƙarƙashin ruwan nan ba. Da zan taho na sayo kayana na hannu: regileta (abin shaƙar iska daga tukunya), rigar iska, gilashin fuska da darmar da ake ɗaurawa don nauyi. Watan jiya na samu tukunya a hannun wani, da sauran iska a ciki. Abokin nawa aiki ya kai shi Fatakwal, ni kuma duk garin nan ban san wani mai wannan harka ba. Akwai dam kusa da mu, zurfinsa bai kai inda na je a Masar ba. Niyyata in shiga ni kaɗai, wani abokina ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaukata a waya. Da Hajiya ta ji sai ta fashe da kuka, Yaya kuma ya kulle tukunyar a sitonsa ya ce sai dai bayan ransa. Yau kwana goma gaisuwa ma da ƙyar muke yi. Ni gani nake rashin sanin abin ne ke damunsu, ajali kuwa ko a kan gado yana samun mutum. Ga ƙwararru nan a YouTube suna shiga su kaɗai. Yaya zan yi in fahimtar da su?

Daga wani matashi, Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne maganar natsuwar nan. Na yarda da kai. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin ruwa mai haske, ba ya jin komai sai fitar numfashinsa, ya dawo garin da daga Kwangila zuwa PZ ba ka jin komai sai hon da ƙarar Keke, dole ya yi kewa. Ba zan ce maka sha'awarka shirme ce ba. Amma ka roƙe ni in taya ka shawo kan Hajiya da Yaya, wannan kam ba zan yi ba. Wataƙila ba su san sunan ko ɗaya daga cikin kayan nan naka ba, amma hukuncin da suka yanke shi ne wanda malaminka na Dahab zai yanke da za ka kira shi a waya yau.

Ɗauko katinka mu duba tare. Katin matakin farko ne, ko na PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ko na wata ƙungiya irinta, kuma izinin da yake bayarwa yana da iyaka: kada ka wuce mita 18, ka shiga a yanayi irin wanda aka horar da kai a cikinsa ko wanda ya fi shi sauƙi, sannan ka shiga tare da abokin nutso. Tuna darussan kwana huɗun nan. An koya maka ka yanka hannu a maƙogwaro alamar iskarka ta ƙare. Wa kake yi wa alamar? An koya maka ku duba kayan juna kafin ku faɗa ruwa, shi ya ja ɗamararka ya ga ko ta kama, kai ka tabbatar famfon tukunyarsa a buɗe yake. Ka dubi regiletarka, akwai bakin shaƙa na biyu mai tiyo rawaya. An yi shi rawaya ne don mutumin da hankalinsa ya tashi ya gan shi da sauri ya cafka. Galibin dabarun ceton kai da ka koya an gina su ne a kan cewa akwai wani ɗan Adam kusa da kai, ɗauke da tukunyar da ba taka ba. Ka cire shi, rabin karatunka ya tafi.

Gaskiya ne akwai masu nutso su kaɗai, kuma ba mahaukata ba ne. Har kwas ake yi a kansa. Sai dai kafin a karɓe ka a wannan kwas, ko a PADI ko a takwararta SDI, sai ka wuce matakin farko kuma ka kawo shaidar nutso 100 a littafinka. Kai kana da 9. Su kuma ba da kaya irin naka suke shiga ba. Suna ɗaukar ƙaramar tukunya ta biyu mai regileta tata daban, da gilashin fuska na ajiya, da abin yanka, sau da yawa har biyu a wurare daban-daban na jiki, don idan hannu ɗaya ya maƙale ɗayan ya kai. Wato abokin da suka bari a gida sun saye shi da kuɗi sun rataya a jikinsu, bayan shekaru na gogewa. Na YouTube kuwa, in ka ga mutum yana tafiya a ƙarƙashin ruwa ana nuno shi daga kai har ƙafa, ka tambayi kanka wa ke riƙe da kyamarar.

Ba zan ɓoye maka ba, abokin nutso ma ba laya ba ne. Akwai wanda za ku shiga tare, kifi ya ɗauke masa hankali ya manta da kai. Amma maganin abokin da bai iya ba shi ne neman wanda ya iya. Ƙungiyar DAN, wadda ke bin diddigin haɗurran nutso, ta yi nazarin mace-mace 947 da suka faru tsakanin 1992 da 2003. Abin da ya fi yawan kunna fitinar shi ne ƙarewar iska, wajen kashi 41 cikin ɗari, sai maƙalewa a jikin wani abu, wajen kashi 20, sai matsalar kaya. Dukkansu abubuwa ne da hannu na biyu yakan warware cikin daƙiƙu kaɗan.

Yanzu mu zo kan dam, domin nan ne nake ganin kana yi wa rogo kallon kitse. A Dahab kana hangen mita ashirin ko fiye a gabanka, ga malami, ga shagon kaya a bakin ruwa. Ruwan da ke kewaye da mu, ko Galma ko Kubanni ko na wajen Shika, kai ma ka san launinsa da damina, kamar kunun kanwa. Da rani ya ɗan kwanta a sama, amma ƙasan laka ce mai laushi da ta shekara da shekaru tana taruwa, kana kaɗa ƙafa sau biyu ta tashi ta rufe ka. A irin wannan duhun agogon iskarka ma sai ka manna shi a gilashi kafin ka karanta, kuma sabon shiga yakan rasa ina ne sama ina ne ƙasa.

A cikin wannan duhun akwai kayan masunta. Tsohuwar raga da ta tsinke ta kwanta a kan kututture, zaren roba da ko a fili ba ka cika ganinsa ba, da mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi barkatai da ake shimfiɗawa don ta kama duk abin da ya gifta. Ka ɗauka kana mita biyar. Ka ji an ɗan ja ka ta baya. Zare ya naɗe a wuyan tukunya, daidai wurin da idonka ba ya gani, hannunka kuma da ƙyar yake kai wa. Abin da jiki zai ce maka shi ne ka juya ka duba, juyawar nan kuma ita ce ke ƙara naɗe ka. Numfashinka ya ninka, iskar da ka yi lissafin za ta kai ka minti arba'in ta fara zurarewa. Da akwai mutum a gefenka, hannu zai ɗora a kafaɗarka ya ce tsaya, ya zare abin da yatsa biyu, ku ci gaba, ku fito kuna dariya. Abokinka mai waya fa? Yana kan tudu yana ɗaukar kumfa. Kumfar mai jin daɗi da ta mai neman ceto kusan iri ɗaya ce ga wanda bai san harkar ba. Kafin ya gane, mintocin da ƙwaƙwalwa ke iya jurewa babu iska, waɗanda ba su wuce 'yan kaɗan ba, sun wuce. In kuma ƙauna ta sa ya faɗa ruwan da rigarsa, gida biyu za a yi zaman makoki. Ka yi masa adalci shi ma, kada ka ɗora masa abin da zai bi shi har tsufa.

Dam kuma ba tafki ba ne kawai. Yana da bututun da ake jan ruwa da ƙofofin da ake sakinsa, kuma ƙarfin zuƙar da ke bakin irin waɗannan wurare yana iya manne ƙato a jikin ƙarfe ya kasa motsi. Daga sama ba ka ganin alamar komai. Ban da haka ruwan yana da masu kula da shi, ba wurin da mutum zai faɗa da kaya ba izini ba ne.

Ka ce zurfinsa bai kai na Masar ba, kamar hakan kariya ce. An koya maka a aji, bari in tuna maka. A mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa a can, in ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka girmanta kafin ka iso sama. Babu inda canjin ya fi tsanani kamar mitocin nan na kusa da sama. Tasowar da ta ɗan wuce mita ɗaya da cikakken huhu a rufe tana iya yaga shi, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Mutum a natse ba ya riƙe numfashi. Wanda ya firgita a cikin duhu shi ne ke rufe baki ya harba sama, kuma mai nutso 9 bai riga ya san yadda jikinsa ke yi in firgici ya zo ba. Ba raini ba ne, ba a gwada ka ba ne tukuna.

Ga wasu abubuwa biyu da na tabbata ba ka sa a lissafi ba. Darmar da ka zo da ita an auna maka ita ne a Bahar Maliya, ɗaya daga cikin tekuna mafiya gishiri, ruwan da ke ɗaga mutum sama. Ruwan daɗi ba ya ɗagawa haka. In ka ɗaura nauyin nan gaba ɗaya ka faɗa dam, ka yi nauyi fiye da kima, za ka tafi ƙasa da saurin da ba ka saba ba, ka sauka a cikin lakar da na faɗa maka. Na biyu, Zariya tana sama da mita 600 daga matakin teku, a ƙa'idar nutso kuwa duk ruwan da ya haura mita 300 yana da lissafinsa daban, saboda iskar da kake fitowa cikinta ta fi ta bakin teku sauƙi. Wannan ma darasi ne mai zaman kansa da ba ya cikin kwana huɗunku.

Tukunyar da ke siton Yaya ita ta fi ba ni tsoro. Wa ya cika ta, yaushe, da wane inji? A wuyanta akwai tambarin ranar da aka yi mata gwajin matsi na ƙarshe, gwajin da ake maimaitawa duk bayan 'yan shekaru, ban da leƙa cikinta da ake yi kowace shekara saboda tsatsa. Abu ne da ake ɗura wa iska har bar 200 a ma'aunin matsi. Injin mai faci ba ya kai ko kusa da haka, iskarsa kuma da tururin mai take fita. In an cika ta da injin da ya dace amma janareta na hayaƙi a gefensa, gubar hayaƙin nan da muke jin ta kashe iyali guda a ɗaki cikin dare ta shiga ciki, ba ta da wari, kuma a ƙarƙashin ruwa kowane numfashi yana kawo ta fiye da yadda zai kawo a sama. Kada kuma wani ya ce maka ai ga oksijin na masu walda ko na asibiti, ya fi kyau. Oksijin zalla in ka wuce mita 6 da shi yana iya jefa ka cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, bakin shaƙa ya fita daga bakinka. Iskar da ba ka san asalinta ba, ba a shaƙarta ko da mutum goma ne a gefenka.

Ƙara da tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ruwayenmu na kwance suka saba da ita. Ƙara da cewa a Sharmul Shaikh da Hurgada akwai ɗakin matsin iska da ake sa mai nutso in kumfar iskar naitirojin ta taru a jikinsa bayan ya taso, kai kuma ba ka ambaci inda za a nufa da kai ba.

Lokacin da nake yaro a cikin birni, duk shekara kafin damina akan kira mai yasar rijiya gidanmu. Tsoho ne siriri, ƙafarsa ta san kowane rami a bangon rijiyar nan, ya yi shekaru yana wannan aiki. Amma bai taɓa sauka ba sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ɗansa ya zauna a baki ya naɗe ɗaya bakin a hannu. In ya sauka, ɗan yakan yi ta jansa da hira, maganar banza ma, farashin dawa, wane ya yi aure. Na ɗauka surutu ne kawai. Sai da na girma na gane muryar yake saurare: in amsa ta fara nauyi, iskar ƙasan ta ɓaci, sai a jawo shi. Wata rana ɗan bai zo da wuri ba, tsohon ya zauna a zaure ya ci goro har hantsi, bai ko leƙa rijiyar ba. Mutumin nan ya fi ni da kai yarda da ajali, carbi ba ya barin hannunsa. Ko a Fatakwal inda abokinka yake, masu nutson kamfanonin mai, waɗanda wannan ce sana'arsu, ba sa shiga sai da mai kula a sama da wani a shirye cikin kayansa yana jiran ko-ta-kwana. Ajali gaskiya ne, ɗana, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma kai ka san haka.

Game da mutanen gida, Yaya ya yi daidai a abin da ya yi, ya ɗan yi kuskure a yadda ya yi shi. Mai shekara 26 da ya je wata ƙasa ya yi karatu ya dawo, a zaunar da shi a yi magana ya fi a kulle masa kaya kamar ɗan firamare, na san nan ne ya yi maka ciwo. Amma kai ne ƙarami, kuma kwana goma ya yi yawa. Gobe da safe ka je ka gaishe shi yadda ka saba. Kada ka buɗe da maganar tukunya. In ta taso, ka ce masa ta zauna a wurinsa, a inuwa, nesa da wuta da janareta, har ranar da za a kai ta wurin masu gwaji. Za ka ga yadda fuskarsa za ta sauka, domin shi ma ba daɗin rigimar yake ji ba, tsoron ranar da za a kira shi bakin ruwa yake yi.

Hajiya kuwa ba Dahab take gani ba. Yaran unguwa take gani, waɗanda kusan kowace damina ake cirowa daga kududdufi. Kada ka je mata da bayanin mita da bar. Ka zauna kusa da ita, ka nuna mata hotunanku na can, ta ga malamin, ta ga ku biyu kuna riƙe da juna, ta ga kifayen. Sannan ka yi mata alkawari ɗaya wanda za ka iya cikawa: ba za ka taɓa shiga ruwa kai kaɗai ba, kuma duk ranar da za ka shiga za ta san da wa. Wannan ya fi ka ce ka bar abin gaba ɗaya alhali zuciyarka ba ta bari ba.

Don ban ce ka bari ba. Ka nemi wurin ninkaya mai mai tsaro, ka riƙa zuwa ko sau biyu a mako. Kafin a ba ka kati sai da ka yi iyo na mita 200 ka kuma zauna a saman ruwa minti 10, ka riƙe wannan ƙarfin ka ƙara a kai. Ko a can kada ka yi gasar riƙe numfashi kai kaɗai, tana sumar da gwanaye ba tare da gargaɗi ba. Regiletarka ka wanke ta, ka busar a inuwa, ka rufe ta a akwati saboda ƙurar hunturu da ɓera, kuma tunda ta hannu ce a kai ta wurin mai gyaranta kafin ka sake dogara da ita. Ka kira ɗan Kanon nan yau, ku sa lokaci, ku fara tara kuɗi ko da adashe ne. A Legas akwai masu horar da nutso, in kuma Allah ya kai ka Umara, Jidda tana bakin Bahar Maliyar da ka sani. Duk inda kuka je ku fara da darasin tuni tare da malami, tunda an daɗe ba ku shiga ba, ku yi hayar tukunya a wurinsu, kuma ku bar aƙalla awa 18 tsakanin nutsonku na ƙarshe da hawa jirgi in kun yi fiye da ɗaya. Daga nan sai mataki na gaba, sai kwas ɗin ceto. Shi wannan na ceton ina so ka sa shi a ranka. Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Neja ko Kebbi, masunta ne ke faɗawa da ƙirjinsu suna lalube. Ɗan Arewa mai horo na gaske a wannan fanni ba zai rasa amfani ba, kuma hanyar zuwa can ta cikin littafin nan naka mai shafi 9 ta bi.

Abu na ƙarshe, kuma ba dole ka amsa mini a fili ba. Ka ce ba ka taɓa jin natsuwa kamar ta ƙarƙashin ruwa ba, ka kuma kawo maganar ajali da sauƙin da ya sa na ɗan dakata. Wataƙila zafin gardama ne kawai. Amma dawowa gida bayan shekaru a waje tana da nauyinta, abokai sun watse, aiki bai zo yadda aka zata ba, kowa na tambayar yaushe. In akwai wani abu irin wannan da ke sa ka son wurin da ba kowa, ka faɗa wa wani da ka yarda da shi, ko likita, ko ka sake rubuto mini, ba zan buga ba. In kuma babu, alhamdu lillahi, ka yafe wa Kawu yawan tambaya.

Ka duba mini tambarin da ke wuyan tukunyar nan in kun shirya da Yaya, ka aiko mini da shekarar da ke jiki. Ka gaida Hajiya.